Takarda ko Waya: Ina Sabon Marubuci Zai Kai Littafinsa?

Tun shekarun 1980 marubutan Kano suka saba buga littafi da kuɗin aljihunsu: ka biya maɗaba'a, ka kai wa masu shagunan littattafai a Sabon Gari, ka koma jiran ciniki. Hanyar tana nan, sai dai takarda ta yi tsada, kuɗin kuma a tsittsinke suke dawowa. Ribarta daraja ce. Littafi mai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, ya fi saurin shiga hannun manazarta a jami'a.

Waya kuwa ba ta neman jari. Ka saki babi a Wattpad (manhajar karanta labarai) ko WhatsApp da daddare, kafin gari ya waye masu karatu sun faɗa maka inda labarin ya yi sanyi. Marubuta da dama kan ba da shafukan farko kyauta, sauran sai an biya. Amma mutum ɗaya zai saya ya tura wa jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne rashin edita. Masu karatu suna ta "a ci gaba", sai marubuciya ta saki babin da bai nuna ba, ga kalmomi an haɗe na rabawa, an raba na haɗewa.

Mai littafin farko, a ganina, ya fara da waya, amma ya kammala labarin tukuna, ya ba wanda ba ya jin kunyarsa ya duba. In ya karɓu, kuɗin da ya shigo su biya maɗaba'a.