Gargaɗi ga masu son fara dillancin intanet da waya

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na ƙannenmu ne da suka gama makaranta suna zaune, da matan aure masu neman sana'ar da za su yi daga ɗaki. Akwai damfarar da ta cika WhatsApp da TikTok da Facebook, an lulluɓe ta da sunan sana'a ta gaskiya, wato dillancin kaya ta intanet da ake kira afiliyet. Za ka ga yaro ya jingina da motar da ba tasa ba, ya ɗora hoton alat na banki, ya rubuta cewa da wayarsa kaɗai yake samun dubu ɗari a mako, mai so ya yi masa magana. Kafin ka tura masa ko sisi, ka tsaya ka ji yadda abin yake tafiya.

Ita sana'ar ba ƙarya ba ce. Kamfani yana da kaya, sai ya ba ka link mai ɗauke da lambarka, ka tallata, wanda duk ya bi ta nan ya saya a ba ka la'ada. Amazon ta fara wannan tsari tun 1996, Jumia ma ta buɗe irinsa a Najeriya, kuma ba sa karɓar kuɗin shiga. Ba don kirki ba ne, ciniki suke so, kuɗin rajistarka ba zai ƙare su da komai ba. Ko a kasuwar shanu ta Wudil, dillali ba ya biyan mai saniya kafin a miƙa masa igiya. Sai ciniki ya faɗa yake karɓar nasa.

'Yan damfarar kuwa daga rajista suke ci. Za a saka ka a guruf ɗin WhatsApp da aka kulle, oga kaɗai ke magana. A yi kwana biyu ko uku ana turo murya da hotunan alat da shaidar wasu da ba ka san su ba, kowa yana godiya ga Allah yana godiya ga oga. Tambaya babu hali, wanda ya matsa a cire shi. Ranar ƙarshe a ce gurbi goma ya rage, kuma farashin zai ninka da ƙarfe goma sha biyun dare. Ka yi rance ko ka sayar da ɗan abin hannunka ka biya, a ce dubu 20. Sai a buɗe maka bidiyoyi, ka tarar duk darasin shi ne yadda za ka jera hotunan alat a sitatus, ka buɗe naka guruf, ka jawo wasu su biya dubu 20 a ba ka rabi. Kayan da ake sayarwa shi ne darasin yadda ake sayar da darasin.

Ban ce duk mai karɓar kuɗin koyarwa ɗan damfara ne ba. Akwai masu koyar da talla tsakani da Allah, kuma ilimi ana biyansa. Tambaya ɗaya ce ke raba su: in yau aka daina rajistar sababbin mutane, daga ina la'ada za ta fito? Ka ce ya nuna maka kaya ɗaya da wanda ba ya sha'awar shiga harkar zai saya don amfanin kansa. In ya fara kame-kame, ko ya ce kai ba ka da zuciyar neman arziki, ka samu amsa.

Lissafin ma ba ya ɓuya. Sai ka kawo mutum biyu kafin uwar kuɗinka ta dawo. A ce kowa na son ya kawo shida don ya ga riba, su ma kowannensu ya kawo shida: a hawa na 11 ana buƙatar mutum sama da miliyan 360, fiye da duk jama'ar Najeriya har da jarirai. Dole mafi yawan waɗanda suka shiga su tashi a tutar babu, kuma su ne 'yan uwanka da abokanka, don su ne a lambobin wayarka. Mun ga irin wannan a MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet da ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. Mun sake gani a wata irinta mai suna CBEX da ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025, har fusatattu suka wawashe ofishinta a Ibadan. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar naira miliyan 20 ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. Mai ɗora shi a sitatus ya lura da wannan.

Sai kuma tarko na biyu, wanda ya fi ba ni takaici, domin yana kama yaran da suka yi hankali suka tsallake na farko. Su waɗannan da gaske suke so su yi aikin: su biya Facebook ko Google ko TikTok kuɗin talla, mutane su danna daga wayoyinsu, su sauke manhaja ko su cike fom ko su sayi kaya, a biya su la'ada. Abin da oga ba zai faɗa maka ba shi ne, tallace-tallacen farko asara aka fi yi a cikinsu, har ga ƙwararru. Ɗauki misali: kowace dannawa ta ci maka naira 50, la'adar kuma naira 2,000 ce. Sai mutum ɗaya cikin 40 ya saya kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. In ɗaya cikin 100 ne ya saya, ka kashe dubu 5 ka samu dubu 2. Ga harajin VAT na kashi 7.5 da Meta, mai Facebook da Instagram, ta fara ɗora wa masu talla a Najeriya tun Janairun 2022. Kuɗin farko na gwaji ne: wane hoto ne ya ja, wace magana, wane gari, wace irin waya, wane lokaci na yini. Wanda ba zai iya jure rasa kuɗin ba kada ya zuba shi.

A daidai lokacin da yaro ya yi asarar farko, zuciya ta tsinke, sai masu sayar da magani su bayyana. Wani ya ce yana da tallan da ya riga ya ci, kwafa kawai za ka yi. Ka tambayi kanka, mai tallan da ke kawo masa riba kullum me zai sa ya sayar maka da shi dubu 10? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga shi kuma Meta tana da rumbun da ake kira Ad Library, inda kowa zai iya duba tallan da ke gudana a Facebook da Instagram kyauta. Wani ya ce zai ba ka hayar asusun talla na ƙasar waje da ba a rufewa, ka tura masa kuɗin tallan ya zuba maka. Ka tura, ya toshe lambarka. Wani kuma ya sayar maka da dannawa dubu goma a farashin banza. Ba mutane ke dannawa ba, manhaja ce, ba ta saye ba ta sayarwa. Kamfanonin da ke biyan la'ada suna da hanyar gane wannan, kuma in sun gane rufe asusunka za su yi su riƙe har halaliyar da ka tara.

Akwai kuma kamfanonin bogi da za su buɗe maka shafi ka riƙa ganin daloli na hawa. Ranar cira sai a ce ka biya kuɗin tantancewa, ko ka ɗaga matsayin asusunka. Haka CBEX ta yi bayan ta rushe, ta nemi mutane su ƙara dala 100 ko 200 wai don a tantance su. Kamfanin gaskiya yana iya jan lokaci, Amazon kanta sai kimanin kwana 60 bayan ƙarshen wata take biya, amma ba ya cewa ka turo kuɗi kafin ya ba ka haƙƙinka. In akwai caji, daga cikin abin da ka tara ake cirewa.

Wani ɓangaren kuma kai ake mayarwa macuci ba ka sani ba. Za a ba ka link ka yaɗa: an raba data kyauta, ko gwamnati na ba da tallafi, a danna a cike. Wanda ya danna sai ya tsinci kansa an yi masa rajistar wani abu da ke cire masa kuɗin kati kullum, ko kuma ya miƙa BVN da NIN da ranar haihuwarsa ga wanda bai sani ba. Tsohuwar da ake zare wa naira 50 a layi ba ta san oga ba, kai ta sani, kai ka turo. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma tallan da aka gina a kan ƙarya la'adarsa ba ta da tsarki, ko a dala aka biya. Wanda ake damunsa da saƙonnin tes na talla a layinsa ya tura STOP zuwa 2442, in ana ci gaba da cire masa kuɗi bayan ya kai kuka ga kamfanin layinsa ya kira hukumar kula da sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne.

Kada kuma ka ba oga aron asusunka na banki wai ya karɓi kuɗin ɗalibai, asusunsa ya cika. Ranar da aka kai ƙara sunanka ne a takarda, kai EFCC za ta fara nema.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge komai. Ya adana rasit, da lambar asusun da ya tura wa, da hotunan hirarsu, kafin a cire shi daga guruf. Ya kira bankinsa nan take, don in an yi sauri wani lokaci ana iya tare kuɗin kafin a kwashe, sannan ya kai ƙorafi ga EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya tuntuɓarsa ya ce shi jami'i ne ko ƙwararren kwamfuta, zai dawo masa da kuɗin in ya biya kuɗin aiki. Sau da yawa mutanen farko ne da sabon layi, don lambobin waɗanda suka biya suna hannunsu.