Kwana huɗu a Daɗin Kowa: farfesun Goggo da kifin bakin dam

Aiki ne ya kai ni Daɗin Kowa cikin hunturun da ya wuce. Ina tare da masu harkar irin shinkafa a Bauchi, aka tura ni in zauna da manoman rani, in ga yadda irin da muka ba su ya karɓi ƙasa. Kwana huɗu na yi. Rahoton ofis na riga na miƙa shi. Wannan rubutu na abin da na ci ne da inda na ci shi, don wanda hanya za ta bi da shi nan gaba kada ya ɓata darensa na farko kamar yadda na ɓata nawa.

Ga wanda bai san wurin ba, Daɗin Kowa na cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, gabas da Gombe a kan hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba. Kogin Gongola aka tare a nan cikin shekarun 1980. Kogin nan dai shi ne muke tsallakawa a gadar Dindima idan mun baro Bauchi. Daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya yi arewa har wajen Nafaɗa, sannan ya karyo kudu ya zo nan, ya wuce ya haɗu da Binuwai a Numan. Na sha haye shi a mota ban ko ɗaga kai ba. Sai da na tsaya a bakin dam na ga ruwa iya ganin ido, sannan na san ba ƙaramin kogi nake rainawa ba.

Daren farko a masauki na ci abinci. Shinkafa da miya da yankan kifi guda, wanda daga cizo ɗaya ka san ya kwana biyu cikin sanyi kafin ya ga mai. Ɗakin da tsabta, ruwa na zuwa, ma'aikatan kuma akwai fara'a. Amma gidan sauron a yage yake, wuta ta ɗauke wajen sha ɗaya, ba a ta da janareto ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin a garin nan akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 a jikin dam ɗin. Da na tambaya, aka ce a babban layin ƙasa ake zuba wutar, daga can ake rabawa. Haka kuma ruwan da Gombe ke sha daga nan ake tura shi. Garin da ke shayar da babban birnin jiha ya cancanci fiye da haka, kuma mai masauki a bakin ruwa bai kamata ya bar baƙo da yagaggen gidan sauro ba.

Washegari bayan la'asar, wani dattijo cikin manoman da muke zagaya gonaki da shi ya ji labarin abincin da na ci. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka zo gidan kifi ka ci na kanti? Bari a yi magariba." Da muka idar da salla ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa wata rumfa ta zana da buhu, can gefen hanya. Babu allo, babu suna. Kowa Goggo yake ce wa mai wurin, ni ma haka na bi.

Benci uku ne da tabarma biyu, sai fitila mai caji rataye a jikin gwafa. Tukunya na kan murhu, Goggo na zaune a kan kujera 'yar tsugune da bahon tarwaɗa a gabanta, wasu ma suna motsi. Na gaishe ta, ta amsa ta ce, "Ɗana, zaɓi naka." A gabana ta wanke shi. Toka ta fara barbaɗa masa ta murje da tafin hannu har yauƙin ya fita, ta ɗauraye, ta zuba ruwan zafi kaɗan don naman ya ɗaure, ta kawo lemon tsami ta goge ciki da waje. Na tambaye ta dalilin ruwan zafin. Ta ce tarwaɗar da ba ta ga ruwan zafi ba dagargajewa take yi a tukunya, sai ka nemi kifi ka tarar da kunu. Bayan ta jefa shi cikin romo ba ta sake sa ludayi ba. Kunnuwan tukunyar take kamawa da tsumma ta jijjiga, ta mayar da murfi.

Romon nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ba ja ba ne, babu tumatir a ciki, man ma ɗan kaɗan ne. Citta ce ta fara dukan maƙogwaro, sai masoro da kanumfari su biyo baya, kimba na can ƙasa ba ta yi yawa har ta yi ɗaci ba. Akwai daddawa, amma sai ka natsu za ka ji ta. Attaruhun ya ji, wanda bai saba da yaji ba ya faɗa mata tun kafin ta zuba. Ana iskar hunturu, ina sanye da rigar sanyi, amma kafin in kai rabin kwano gumi ya karyo mini. Naman kifin fari fat, yana ɓarewa sala-sala, babu ƙarni ko kaɗan, babu kuma warin taɓo irin wanda ake ji a kifin da aka kiwata a ƙaramin tafki ba a sauya masa ruwa. Da masa na ci. A nan dole in faɗi gaskiya a matsayina na mutumin Bauchi: masar ba ta kai tamu ba, ta yi nauyi, tsaminta bai fito ba. Wanda ya je ya nemi gurasa ko burodi a wajen mai shayi na kusa, sun fi shan romon.

Kuɗin da na biya bai kai abin da nake bayarwa a Bauchi a kan kwanon da bai kai wannan ba. Abin da za a yi haƙuri da shi jira ne. Goggo ba ta dafa kifi ta ajiye, sai ka zaɓa take ɗorawa, don haka ka ware rabin awa ko fiye. Kuma wajen tara da rabi ta kwashe kayanta.

Dare na uku na koma wajen masu gashi. Karfasa suke tsagawa gefe da gefe, su cusa yajin ƙuli da albasa a cikin tsagar, su ɗora a kan waya bisa garwashi, suna shafa man gyaɗa da gashin fiffiken kaza. Saurayin da ya gasa mini ya nuna mini abin dubawa: ka ɗaga kunnen kifin, in cikin ja ne jawur kuma idon na sheƙi, na yau ne. In ya yi fari-fari ko idon ya faɗa, wuce gaba. Fatar ta yi ƙus-ƙus, cikin da laushi. Karfasa akwai ƙaya, kuma hasken wurin kaɗan ne, don haka a kunna fitilar waya a ci a hankali. Na nemi giwan ruwa, aka ce ranar ba a samu ba, in ma an samu babba dillalai ke saye su wuce da shi Gombe.

Wanda yake neman dare irin na manyan birane, da kiɗa da fitilu, ba zai same shi a nan ba. Daren Daɗin Kowa teburin mai shayi ne, da gidan kallon ƙwallo, da direbobin hanyar Biu da suka tsaya jiƙa maƙoshi, da ɗaliban kwalejin tarayya ta koyon noman lambu suna cin Indomie da ƙwai suna gardama. A benci guda na ji Hausa da Fulatanci da Teranci. Hirar duk a kan ruwa take: yaushe za a saki ruwa a magudanar gonaki, nawa buhun taki, tsuntsaye sun fara sauka a shinkafa ko ba su fara ba. Abin da manoma suka faɗa mini a wajen mai shayi ya fi wanda suka faɗa a taron rana yawa da gaskiya. Kafin sha ɗaya gari ya yi tsit, sai kukan kwaɗi.

Da asuba ta ƙarshe na je inda masunta ke fitowa. Hazo ya rufe ruwan, kwale-kwale na ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, mata da dillalai sun shiga ruwa har gwiwa suna ciniki tun kafin a daki gaɓa. Ni ban shiga ba, kuma ban ba baƙo shawarar wanka a wurin ba, saboda tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa mai kwanciya. Na hango Goggo da bahonta tana ɗaga kunnen kifi ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da wanda bai yi mata ba.

Ita ce ta raka ni wajen masu banda, ta zaɓa mini wadda ta bushe ƙarau, ta ce in shanya ta kwana ɗaya idan na isa gida kafin a sa a kwali. Na yi mata godiya, ta ce, "Ka gaida mutan gida, ɗana. In shinkafa ta nuna ka dawo." Uwargida ta yi mana miyar kuka da bandar nan har sau uku. Zagayen gonaki na gaba lokacin girbi ne, na kuma riga na sa sunana, da gidan sauro na kaina a cikin jaka.