Gidan Tarihin Matsugunin Ma'aikata na Helsinki: Ɗaki Ɗaya, Iyali Guda

A unguwar Alppila ta birnin Helsinki, ƙasar Finland, kusa da wurin shaƙatawa na Linnanmäki, akwai wani gidan katako da hukumar birnin ta gina wa ma'aikatanta a shekarar 1909, wanda a yau yake ƙarƙashin kulawar Gidan Tarihin Birnin Helsinki. Shiga kyauta ce, sai dai ana buɗe shi ne a lokacin zafi kawai.

Ginin ba shi da ado, kuma darajarsa ba ta dogara ga kyan fasali ba. Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne ƙanƙantar ɗakunan, domin kowane iyali ɗaki ɗaya ya samu, a cikinsa ake girki, a ci, a kwana, murhun da ke gefe kuma shi ne abin dafa abinci, shi ne abin ɗumama jiki a tsananin sanyin ƙasar. An shirya kowane ɗaki bisa zamanin mutanen da suka zauna a cikinsa, ta yadda mai ziyara zai ga sauyin rayuwa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Na daɗe tsaye ina duban ɗan filin da ke tsakanin gado da tebur, ina lissafin yadda uwa za ta gifta da tukunya mai zafi yara na wasa a ƙasa.

A ganina, adana gidan lebura ya cancanci irin kulawar da ake ba gidajen attajirai, kuma masu wannan wuri sun yi aikin da mutunci.