Sharhi kan shan mai a wasan Assetto Corsa Competizione

Na daɗe ina buga Assetto Corsa Competizione, wasan tseren motoci da kamfanin Kunos Simulazioni na ƙasar Italiya ya fitar a shekarar 2019, kuma abin da ya fi riƙe ni a cikinsa shi ne yadda ya ɗauki man fetur da muhimmanci. A yawancin wasannin tsere na kwamfuta, mai wata alama ce kawai da ke raguwa a gefen allo, amma a nan nauyi ne da mota ke ɗauke da shi, kuma direba yana jin wannan nauyin a sitiyari da birki.

Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka motar da ta tashi da lita 100 tana ɗauke da ƙarin kilo 75 ko kusa da haka. Yawancin motocin wasan na rukunin GT3 ne, wato motocin tsere da aka ƙera bisa samfurin motocin titi masu tsananin gudu, irin su Ferrari da Porsche da Audi da Lamborghini, kuma idan tankinsu ya cika sai mota ta yi nawa wajen tashi, ta buƙaci a taka birki tun da nisa kafin kwana, tayoyinta kuma su fi saurin ɗaukar zafi. Yayin da man ke ƙonewa, motar tana ƙara sauƙin juyawa sannu a hankali, har mutum ya ga lokacin zagayensa yana raguwa ba tare da ya sauya salon tuƙi ba, muddin tayoyin ba su riga sun cinye ba. Wannan ja-in-ja tsakanin raguwar nauyi da lalacewar taya shi ne ainihin tseren dogon zango, kuma waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun kama shi da kyau.

Shan man kuma yana bin ƙafar direba. A filin tseren Monza na Italiya, mai tsawon kilomita 5.793, inda ake shafe mafi yawan zagaye totur yana ƙasa, mai yana tafiya da sauri; amma idan mutum ya ɗaga ƙafa daga totur 'yan mitoci kafin wurin taka birki, ya bar motar ta gangara da kanta, zai tsimi mai kaɗan a kowane zagaye, asarar lokacin kuma ba ta taka kara ta karya ba. Haka ƙwararrun direbobi ke yi a zahiri. Akwai kuma damar sauya tsarin aikin inji ana cikin gudu, daga mai ƙarfi da zuƙar mai zuwa mai tsimi, sai dai ma'anar lambobin da aka ba waɗannan tsare-tsare ta bambanta daga mota zuwa mota, wasan kuma bai damu ya yi wa sabon shiga bayani ba.

Nan ne ƙorafina yake. Ana auna tseren da lokaci ne maimakon yawan zagaye, saboda haka lissafi ya rataya a wuyan mai wasa. Idan tseren na minti 60 ne kuma zagaye yana cin minti ɗaya da sakan 48, za a yi zagaye 34. Idan motar tana shan lita 3 a kowanne, ana buƙatar lita 102, sannan a ƙara na zagayen ɗumama taya da ɗan rara saboda tsaro. Lissafin ba shi da wahala, amma a gasar gaskiya injiniya ne ke yin sa, ya sanar da direba ta rediyo. A ganina, barin direba da na'urar lissafi a hannu ragi ne ga kwaikwayon da ake alfahari da shi, kuma shi ya sa masu wasa da yawa suke dogara da manhajojin da wasu suka ƙirƙira don wannan aiki. Wanda ya yi kuskuren lita biyu zai iya ganin motarsa ta mutu a zagayen ƙarshe a Spa-Francorchamps, filin tsere na ƙasar Beljiyam da ya kai kilomita 7, inda komawa wurin shan mai tafiya ce mai nisa.

Gran Turismo 7, wani wasan tseren motoci da ya fito a 2022, ya bi wata hanya dabam: yana da matakai shida na tsimin mai, yana kuma ba da damar ninka saurin shansa domin a cusa dabarar dogon tsere cikin ɗan lokaci. Yana da daɗi, ya kuma fi sauƙin fahimta, amma ninkin yana sa mutum ya manta da yadda mota take sha a zahiri.

Ina ba da shawarar Competizione ga mai haƙuri da ke son tseren awa ɗaya ko fiye, musamman idan yana da sitiyari da fedoji, domin da su ne ake iya sarrafa totur daidai gwargwado. Wanda gajerun tsere kawai yake bugawa, da wuya ya ga yawancin abin da na bayyana.