TradingView ko MetaTrader 5: wanne sabon shiga zai fara da shi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka fara koyon ciniki da shi tsakanin manhajojin kallon farashi biyun nan, TradingView da MetaTrader 5. Ka ɗauki TradingView, kada ka wahalar da kanka.

Da shi nake aiki kullum. Tun 2011 yake, kuma ba ya buƙatar ka buɗe asusu wurin kowane dillali. Imel kawai za ka bayar, jadawalin farashi ya buɗe maka a burauza ko a manhajar waya. Zinare, ɗanyen mai, Bitcoin, dala da yuro, har hannayen jarin kasuwar Legas irin su Dangote Cement da MTN, duk wuri guda suke. Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu ya faru ne wani dare da nake zana layuka a kan farashin zinare, ina alamta wuraren da yake zuwa ya tsaya ya juyo. Ina tsaka da aikin aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma dama ya daɗe da mutuwa. Na ɗauka aikin ya bi ruwa. Da asuba na duba waya, sai ga layukana zaune daram inda na bar su, domin a asusunka yake adana komai.

Sannan akwai asusun gwaji a cikinsa, su ba ka dala 100,000 ta bogi ka yi ta saye da sayarwa da farashin gaske. Nan ya kamata ka zauna watanni. Ka fara da kyandir na kwana ɗaya (wato sandar da ke nuna motsin farashin kwana guda a jadawali), ka bar na minti ɗaya da na minti biyar tukuna, hawan jini kawai suke sa wa sabon shiga. Indiketa, wato ma'aunin da ake ɗorawa a kan jadawali don karanta motsin farashi, biyu sun ishe ka: layin matsakaicin farashi na kwana 50 ko 200, sai RSI, ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi daga 0 zuwa 100, wanda J. Welles Wilder ya fitar a 1978. A saitinsa na kyandir 14, in ya haura 70 ana cewa an yi saye da yawa, in ya sauka ƙasa da 30 an yi sayarwa da yawa. Amma farashi na iya ci gaba da hawa RSI na sama da 70 har makonni, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin umarni. Tsarin kyauta yana da talla kuma ya taƙaita yawan indiketa, ni kuwa a ganina wannan taƙaitawar gata ce ga mai koyo. Kada ka biya kuɗin wata yanzu.

MetaTrader 5 kuma, to, yana aiki. Kamfanin MetaQuotes ya fitar da shi a 2010 bayan MetaTrader 4 na 2005, ba ya cin data sosai, kuma yawancin dillalan canji da shi suke karɓar oda. Sai dai zana layi da yatsa a manhajarsa ta waya sai mai haƙuri. Ranar da ka shirya sa kuɗi za ka neme shi.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka. Farashin da ke cikin MetaTrader daga sabar dillalinka yake fitowa, don haka dillalin bogi zai iya nuna maka ribar da babu ita, sai ranar cire kuɗi ka ji ana cewa ka biya "haraji" tukuna. Ga kuma masu sayar da sigina (shawarar lokacin saye da sayarwa) da robot mai yin ciniki da kansa a Telegram, da hoton mota da daurin dala. Hoton riba daga asusun gwaji ma ana ɗaukarsa. Mun ga yadda MMM ta cinye kuɗin mutane a 2016, mun ga irin haka a CBEX a watan Afrilun 2025. Duk wanda ya yanka maka riba tabbatacciya a wata, ka toshe shi. Kafin ka tura ko sisi, ka duba rajistar kamfanin a shafin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari a Najeriya, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kuɗin ruwan da dillalai ke caja in ciniki ya kwana a buɗe.

Sauke TradingView yau, ka buɗe zinare a kyandir na kwana ɗaya, ka turo hoton layukanka mu duba tare.