Gidan abincin da ba giya ba sigari a Garwa, da gardamar da muka yi da mai wurin

Jama'a ku da kuke yawan tambayata inda mutum zai kai iyalinsa cin kifi a Garwa ta arewacin Kamaru ba tare da ya zauna kusa da kwalaben giyar 33 da Castel ba, to ga wani wuri da na samu can ta gefen Yelwa, kuma eh na san da jin Yelwa wasu za su ɗaga gira don unguwa ce da bar ke bin bar. Wata dattijuwa ce ke da wurin, Kirista ce 'yar cocin Adbantis, masu ibada ran Asabar ɗin nan, kowa Mama yake ce mata. Rumfa ce ta kwano da tebura shida, a bango an rubuta da Faransanci da Fulatanci cewa ba giya ba taba, kuma da gaske take, a idona ta kori wani ɗan moto, wato ɗan acaɓa, da ya kunna sigari, ta ce ɗana je ka ƙare a titi ka dawo abincinka na jiranka.

Abinci dai wallahi ba laifi. Giwan ruwan Binuwai gasasshe na ci, sefa 2500 da soyayyar ayaba, yajin ya shiga har ƙashi. Akwai tuwon masara da miyar tafasa ko ta yakuwa a 700, sai zobo, folere kamar yadda muke cewa a nan, mai sanyi da citta sosai. Na tambayi tarwaɗa ta ce ba ta dafawa, a addininsu ba a cin kifin da ba shi da ɓawo, alade ma haramun ne gare su, wannan ya sa hankalina ya ƙara kwanciya. Inda ta ɓata min rai biyu ne, na ɗaya jira, kusan minti 50 na yi kafin kifi ya iso don gawayi ɗaya take aiki da shi, na biyu ba Nescafe ba shayi, wai su ma suna cikin abin da cocinsu ke cewa a guje, har goron da na ciro sai da ta harare shi.

A cikin jiran nan ne hira ta ɓarke. Ta ce min Alhaji da a ce duk ƙasar nan za ta karɓi Yesu da gaske da an rufe bar an daina shan ƙwayar tramol. Na ce Mama ki yi haƙuri, ni fa ɗan garin nan ne, ran Lahadi da yamma wa ke cika wuraren bilbil, giyar dawa ɗin nan, ba waɗanda suka fito coci da safe ba? A Yawunde da Duwala Kiristoci suka fi yawa, kuma can ne ake shan giya kamar ruwa. Sai ta yi dariya ta ce to 'yan moton da ke haɗiyar tramol da asuba suna zuba shi a shayi su wa ye, sunayensu ba irin naka ba ne? Nan na yi shiru, don gaskiya ta faɗa, Musulunci ya haramta duk abin maye ƙarara amma yaranmu na ciki tsundum, har da sholisho da wiwi.

Abin da na lura, maganar a ce Kiristanci kawai ta yi faɗi, don su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Katolika ba su hana sha ba, buguwa suka hana, ruwan inabi ma na cikin ibadarsu, kuma za su kawo maka labarin bikin Kana inda Littafinsu ya ce Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi. Su kuma irin su Mama suna riƙe da wasiƙar Bulus ga Afisawa da ta ce kada a bugu, da inda aka ce jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, daga nan suka ɗauko hana taba da ƙwaya. Adbantis sun daɗe a arewacin nan, tun wajen 1930 suka kafa mishan a Dogba kusa da Marwa, ga asibitinsu a Koza, kuma ba sa yi wa mutum baftisma sai ya yi alkawarin barin giya da taba. To irin wannan kam na yarda yana rage sha, don na gani, ɗaya daga yaran da ke gasa mata kifi da bakinsa ya ce min a da can da wiskin leda yake karyawa, yanzu shekara biyu bai taɓa ba. Amma da na matsa shi da tambaya, ba wa'azi kaɗai ya riƙe shi ba, an ba shi aiki, akwai masu zuwa nemansa gida in ba a gan shi ba ran Asabar, kuma abokan zamansa sun canza gaba ɗaya.

Ga kuma ɗaya gefen da Mama ba ta son ji. Matar ƙauye da ke dafa bilbil da jar dawa da kuɗin take biya wa yara makaranta, ka ce ta bari to ta ci me? Ɗan moto da ke kan hanya daga asuba har dare a zafin watan Afrilu na Garwa yana shan tramol ne don kada jiki ya gaya masa ya gaji. Wiskin leda tun 2014 gwamnati ta fitar da dokar hana shi, aka yi ta ɗaga wa'adi, har yau da canjin aljihu yaro zai saya. Kamfanin giya kuma a cikin garin nan yake. Na ce mata ko duka garin aka yi wa baftisma gobe waɗannan suna nan, ta ce Alhaji kai dai ci kifinka kafin ya huce, gardamar nan ba yau za ta ƙare ba.

Zan koma kam, da uwargida ma in Allah ya yarda. In za ku je ku je kafin azahar don kifin na ƙarewa da wuri, ku riƙe canji don ba ta karɓar biya ta waya da Orange Money, kuma kada ku wahalar da kanku daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwar rana ran Asabar, a rufe za ku tarar.