Ƙanena, kar ku jefar da SSD ɗin nan tukuna

Na ga saƙonka cewa kun sauya madabod (babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kai) kun sake haɗa kwamfutar shago sai SSD, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ta ɓace, har mai gyara ya ce ta ƙone a sayi wata. Don Allah kar ka fitar da kuɗinka tukuna, sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Ka fara shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ke zuwa kafin Windows ta tashi, kana kunnawa ka dinga danna Del ko F2. In ka ga sunanta a can to matsalar ta Windows ce, ka buɗe Disk Management, inda Windows ke jera ma'ajiyoyinta, ka ba ta harafi (kamar D:) kawai, amma fa in ya tambaye ka ka yi mata fomat kar ka yarda, duk lissafin shago da hotunan bikin Yaya zai tafi. In kuwa babu ita ko a BIOS, a cire wuta a zare ta a sake tura ta a ɗan karkace har ƙafafun nan masu ruwan zinare su shige duka sannan a ɗaure ƙaramin notin. Wanda na fi zargi dai shi ne, M.2, wato siririyar SSD da ake sokawa a ramin madabod, iri biyu ce, akwai SATA akwai NVMe, a ido kusan ɗaya suke, kuma wasu sababbin madabod NVMe kaɗai raminsu ke karɓa, wasu kuma da ka sa M.2 sai su kashe wata ƙofar SATA, in SSD ɗin mai kebul ce da ke jone a wannan ƙofar sai ka mayar da kebul ɗin wata ƙofa shikenan ta fito. Duk yana rubuce a ɗan littafin cikin kwali.

Ni a nan Hamburg dole ce ta koya min karanta littafin nan. Kaya kam masu kyau ne ba zan ɓoye maka ba, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin sabon kaya har shekara 2, rasit ɗinka kawai za ka adana. Amma aikin hannu tsada wallahi, dubawa kaɗai sai ka biya ko an gyara ko ba a gyara ba, ka bar musu kwamfutar ka yi ta jira, ranar Lahadi kuwa shaguna a rufe suke ruf.

Shi ya sa nake kewar kasuwannin Beirut Road da Farm Centre a Kano, kana zaune a benci yaron shago zai ruga maƙwabta ya aro wata SSD a gwada a gabanka, a ɗauki taka a sa a wata kwamfutar, kafin la'asar ka san gaskiya. Wannan gata ne babba, abin da ke min ciwo kawai shi ne saurin cewa ta ƙone ba a gwada ba. Ka ce ya gwada ta a wani injin kana tsaye, sannan ka turo min sunan madabod ɗin da hoton takardar jikin SSD in duba maka yau da dare.